Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci: Aikin Rubutu A Bakin Kotun Illela



Wanda ya iya rubutu a cikinku yana da abin yi a bakin kotu. Da safe ya rubuta wa mutane takardar ƙara, da yamma ya tafi gonarsa. Babu albashi, mai ƙara ke biyan ladan rubutu.

Amma fa a kula. Ranar Lahadi mutanen Ƙonni suna shigowa kasuwarmu, ana ciniki da naira da sefa. In rigimar bashi ta zo, ka tambaya: wane kuɗi ne? Jaka a wurinmu naira 200 ce, a wurinsu sefa 1,000. Ka rubuta adadin da lamba, kada mai gaskiya ya yi asara gaban alƙali.

Kafin mutum ya dangwala yatsa, ka karanta masa takardar duka, ya ji da kunnensa.