Shirin Wannan Mako: Kwana Goma Bayan Cire Haƙori

Waɗanda suka yi ta aiko saƙo suna tambayar ina na shiga, mako biyu ba a ji ɗuriyata ba, na gode ƙwarai. Ba tafiya na yi ba, ba kuma kama ni aka yi ba, kamar yadda wani ya rubuto yana tsokana. Haƙori ne ya kwantar da ni. In kun ji muryata wani iri yau ku yi haƙuri, har yanzu bakin bai gama buɗuwa ba.

Bari in fara da haƙorin kansa. Babban mutum haƙora 32 gare shi in sun cika. Huɗun ƙarshe, na can ƙuryar baki, biyu sama biyu ƙasa, ba sa fitowa sai mutum ya girma, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. Shi ya sa Turawa ke ce musu haƙoran hankali. Matsalarsu ita ce a makare suke zuwa, sai su tarar wuri ya cika. Nawa na ƙasa ta hagu a kwance ya fito, yana tokarar na gabansa, rabi a waje rabi a ƙarƙashin dasashi. Abinci ya maƙale, dasashi ya kumbura, in cusa kanumfari in sha farasitamol, ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Tun ina ajin ƙarshe a jami'a nake wannan ɗauki-ba-daɗin. Bana dai aka ɗauki hoton wurin, likita ta duba ta ce, "Malam, wannan sai cirewa."

Cirewar ba ta kai yadda nake tsoro ba. An yi min allurar kashe zafi, abin da nake ji kawai dannawa ce da ƙarar inji. Ta tsaga dasashin, ta raba haƙorin gida biyu, ta fitar, ta ɗinke. Sai ta sa min auduga ta ce in cije na rabin awa, ta kuma yi min bayanin da na ji da kunne ɗaya ya fita ta ɗayan. Ta ce jini zai taru ya daskare a cikin ramin, kuma wannan gudan jinin shi ne murfin ciwon, ƙarƙashinsa ƙashi ne da jijiya. Saboda haka awa 24 na farko ban da kurkurar baki, ban da tofar da yawu da ƙarfi, ban da abu mai zafi. Kwanakin da ke biye kuma ban da taba, ban da shisha, ban da tsotsar abin sha da bututun lemo. Ko wajen alwala, ranar farko jiƙa baki kawai na yi a hankali.

Bayan kamar awa uku allurar ta sake ni, ciwo ya fara sallama. Amma mai jurewa ne. Na naɗe ƙanƙara a tawul ina ɗorawa a kunci minti 15, in sauke, in sake. Na kwana da filo biyu don kai ya ɗago. Washegari fuska ta kumbura kamar na ƙunsa goro uku, ƙanwata tana dariya tana ɗaukar hoto. Likita ta riga ta faɗa min kumburi yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, daga nan ya fara sauka. Umma ta riƙe ni da kunun gyaɗa da ya huce, da fura da nono a cokali, da dankali da aka dama ya yi laushi.

To ga inda na yi wa kaina. Rana ta biyu muna da taron matasa a unguwa. Umma ta ce, "Kai da aka ce ka huta?" Na ce mata minti goma kawai zan yi. Kun san mu da makirfo, sai da na yi kusan awa guda ina magana. Aka miƙo zoɓo mai sanyi, na tsotse da bututu. Na dawo gida ɗanɗanon jini ya dame ni, na cika baki da ruwa na kurkure da ƙarfi har sau uku. Duk abin da aka hana ni, a wuni ɗaya na haɗa.

Daren kwana na huɗu ne na gane kurena. Wani irin zugi ya taso daga muƙamuƙi ya hau kunne, ya shiga ido, ya zauna a gefen kai. Baki yana wari, ga ɗaci. Na haska fitilar waya a madubi, sai na ga ramin wayam, babu gudan jinin, wani abu fari-fari a ƙasa. Na sha farasitamol, kamar na sha ruwa. Na tashi, na zauna, na jingina da bango, wallahi har hawaye.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na fita na je wani kemis. Yaron shagon ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan ai sai taramol." Bai tambayi takardar likita ba, ni ma ban kawo zancen ba.

Jama'a, ni ne fa nake yawo makarantu ina yi wa ɗalibai magana a kan ƙwaya. Na haddace alƙaluman. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a Najeriya mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 suna shan magungunan kashe zafi irin su taramol ba bisa ƙa'ida ba. Na san a shekarar 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk na san wannan. Amma a daren nan na miƙa kuɗi na karɓi ƙwaya biyu, na haɗiye ɗaya tun kafin in kai ƙofar gida.

Na yi barci, ba zan yi muku ƙarya ba. Da asuba na farka da jiri da tashin zuciya, ciwon kuma ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Hannuna ya nufi aljihu wajen ta biyun. A nan ne tsoro ya kama ni. Na yi shekaru ina tunanin masu shan ƙwaya neman maye ne ya kai su. Ashe wani ciwon baya ne, wani haɗarin babur ne, wani haƙori ne irin nawa. Ciwo na gaskiya, da shagon da ba ya tambaya, da asibitin da sai gari ya waye.

Ƙarfe takwas ina gaban likita. Na faɗa mata komai, har da ƙwayar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce gudan jinin ne ya fita, ƙashi ya zama a buɗe, kuma an fi ganin haka a haƙoran ƙasa da kuma wajen masu shan taba. Ta wanke ramin, ta cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari. Kafin in isa gida zugin ya ragu sosai. Ta ce taramol magani ne da likitoci ke rubutawa idan akwai buƙata, amma a nawa ciwon da na yi ta sha, ramin yana nan a buɗe. Na koma sau biyu aka canja maganin. Ta biyun nan kuwa a wurinta na bar ta.

Ga abin da na koya, ga duk wanda zai cire haƙori ko yake jinyar wanda ya cire.

Na ɗaya, kwana biyun farko ka zauna a gida. Taro ba zai watse don ba ka je ba.

Na biyu, bayan awa 24 ka fara kurkure da ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, bayan kowane abinci. A hankali, ka karkata kai ruwan ya zuba da kansa. Sauran haƙora ka goge su, amma kada buroshi ko asuwaki ya taɓa ciwon.

Na uku, farasitamol ma yana da iyaka. Ga babban mutum ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, kada a wuce takwas a awa 24, don yawansa yana lalata hanta. Ibuprofen kuwa sai an ci abinci, kuma mai olsa, ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, ya faɗa wa likita tukuna. Kada ka ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi.

Na huɗu, ciwon da ke tafiya daidai kullum raguwa yake. In ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a kwana na uku ko na huɗu, ka koma asibiti. In akwai zazzaɓi, ko ruɓa na fita, ko jini ya ƙi tsayawa, ko leɓe ya ci gaba da mutuwa, kada ka jira. In kuwa haɗiya ko numfashi ya fara wuya, ko da tsakar dare ne, a tafi sashen gaggawa.

Yau kwana goma ke nan. An cire zaren, jiya na ci tuwo da miyar kuka ta ɓangaren dama. Umma har yanzu in na ɗauki waya sai ta ce, "Minti goma ko?"

Mako mai zuwa ina so mu ji daga gare ku. Wanda ya fara shan wani magani saboda ciwo, daga baya ya kasa bari, ya turo mana saƙo, ba za mu faɗi sunan kowa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu, na bar ku lafiya.