Kwanson Na'ura: Daga Tafin Hannu Ake Farawa



Duk wanda ya saba zuwa baje kolin ayyukan ɗalibai ya san abin da zan faɗa. Na'ura tana aiki sarai, ma'aunin zafi ce ko 'yar abin wasa ta hannu, amma an cusa ta cikin robar ajiye sabulu, an huda mata ƙofa da wuƙa mai zafi, wayoyi sun leƙo waje. Mai ita ya ƙarar da zango guda a kan fanel, wato allon lantarkin da ke cikinta, kwanso kuwa sai daren jajibiri. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, fanel da kwanso tare ake zana su, kuma hannun mai riƙewa ne alƙali.

A da akwai uzuri, yanzu babu. Tun da fanel ɗin Arduino ya fito a garin Ivrea na Italiya a 2005, Raspberry Pi ya biyo baya a Ingila a 2012, haɗa lantarki ya yi sauƙi. Firintar 3D ma ta yi araha, albarkacin aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath, da kuma ƙarewar haƙƙin mallakar fasahar buga roba a 2009.

Sai dai kada ku fara da kwamfuta. Ku yanka kwali ko katako daidai girman da kuke zato, ku riƙe, ku jefa a aljihun kaftani, ku ba wata mai ƙaramin hannu ta gwada. Babban yatsa yana kaiwa ga madanni ba tare da an sake riƙo ba? Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga. Ku dubi Game Boy da Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙerawa a kamfanin Nintendo a 1989: madannan A da B a karkace suke, domin haka babban yatsa ke kwanciya. Ko kuwa Nokia 1100 ta 2003, mai tocila, wadda da yawanku suka tarar a hannun iyayensu. Madannanta shimfiɗar roba ce guda don kada ƙura ta sami kafa, gefenta kuma ba ya sulɓi a hannu mai gumi. An sayar da fiye da miliyan 200, kuma ba don ta fi saura wayo ba.

Bayan hannu sai batir, domin shi ke yanke kaurin na'ura. Batirin 18650 faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Idan ka zaɓe shi, ka haƙura da sirantaka. Shi kuwa shimfiɗaɗɗen batirin irin na waya yakan kumbura in ya tsufa, saboda haka a bar masa sarari, kuma kada tsinin noti ya fuskance shi. Hujin batirin lithium gobara ce a cikin aljihu.

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙofar caji, don nan ne akasari ake faɗuwa. Ɗalibi zai auna soket ɗin USB da ke jikin fanel, ya buɗe ƙofa daidai da shi, ya buga kwanso, ya yi kyau. Sai ya kawo wayar caji ya ga kan ƙarfen ya shiga rabi ya tsaya, domin robar da ke bayansa ta tokare bango. Abin aunawa shi ne kan wayar da za a soka, har da ta kasuwa mai ƙaton kai. Kuma a sa wa soket madogara ta baya a jikin kwanso, in ba haka ba dalmar da ta riƙe shi ce za ta sha duk turawa da zarewa har ta tsage. Manhajar KiCad tana fitar da siffar fanel ɗinka cikakkiya, ka shigar da ita FreeCAD ka ga inda abubuwa ke gogar juna tun ba ka ɓata roba ba. Tsakanin murfi da gindi a bar kamar milimita 0.2 zuwa 0.3, bango kuma kaurin milimita 2 ya wadatar.

Zaɓen roba fa, a nan ƙasarmu tana da ta cewa. PLA ta fi sauƙin bugawa, shi ya sa kowa ke son ta, amma tana fara laushi a wajen digiri 60. Motar da aka rufe a rana cikin Afrilu, a Sakkwato ko Maraɗi, gabanta yana kaiwa haka. Sai ka dawo ka tarar murfi ya lanƙwashe. PETG tana jurewa zuwa wajen 80, ABS kuma sama da haka, ko da yake tana da wari da taurin kai wajen bugawa. Ni dai PETG nake ba da shawara, mai haske ba baƙa ba.

Zafi yana neman ƙofofin iska, ƙurar hunturu tana neman a toshe su. Ba a gamsar da su duka. Idan na'urarka ba ta cin wuta sosai, toshe kawai. Masu sha'awar kwanson alminiyam kuma su tuna ƙarfe yana danne sigina. Hannu ma yana iya danne ta: kamfanin Apple da kansa ya sha surutu a 2010 lokacin da aka ga riƙon hannu yana raunana eriyar iPhone 4.

Saura rufewa. Gam yana da saurin aiki, amma ranar da batir ya mutu sai an fasa kwanso. Noti cikin roba tsurarta kuwa yakan cinye zaren robar bayan 'yan kwancewa. Akwai ƙananan zobban tagulla masu zare a ciki, ana ɗora su a bakin rami a danna da ƙarfen liƙa dalma, robar ta narke ta kama su, noti ya riƙa shiga ƙarfe. Ku sa notinan su zama iri ɗaya, tsawo ɗaya, waɗanda sukundireban mai gyaran waya na bakin kasuwa zai kwance.