Mak-4 da Takwarorinta: Wacce Ta Fi Saiti?



Da yawanmu mun tashi muna jin 'yan mazan jiya suna musu kan bindigar da ta fi saiti. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a nan Kaduna daga Bama aka ɗauko su, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a 1944 da 1945. Sojojinmu sun riƙe Lee-Enfield, wadda wani samfurinta muka sani da Mak-4 a hannun 'yan sanda.

Idan aka kafe bindiga a kan teburi, masana da dama suna fifita Mauser ta Jamus, domin haƙoran sakatarta suna kullewa daf da harsashi, na Enfield kuwa ta baya. Arisaka ta Japan mai harsashin milimita 6.5 ba ta da zabura sosai, saboda haka hannu ba ya kaucewa.

Amma a ganinmu fagen daga ba teburi ba ne. Enfield tana cin harsashi 10, waɗancan biyun 5 kacal. An horar da sojan Ingila ya yi harbi 15 cikin minti ɗaya a nisan yadi 300. A kurmin Bama ma, wa ke hango yadi 300?

Masu ba mu wannan labari sun kusa ƙarewa. Duk mai lambar yabo ko takardar sallamar kakansa, muna roƙo ya kawo wa sakatare a ɗauki hotonta.