Idan ɗan'uwa ya kasa karanta fuska

 

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wasu cikinmu kan kai 'yan'uwansu asibitin Tijani al-Mahi da ke Omdurman, ko na Taha Ba'ashar a Bahri, su karɓo magani. Gudun hijira ya yanke wannan. Yau za mu yi magana a kan ciwon da likitoci ke kira baifola, wanda ke ɗaga mutum makonni, ba barci, ga surutu da kashe kuɗi, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi kimanin miliyan 40 a 2019.

Akwai ɓangaren ciwon da ba a cika faɗa wa iyalai ba. Da yawa cikin masu shi na shan wahalar gane abin da fuska ko murya ke nufi, wani lokaci har bayan ciwon ya lafa. Kin dawo daga layin ruwa a gajiye, fuskarki ba walwala, shi kuwa sai ya ɗauka kin tsane shi. Idan ciwon ya ɗaga shi, zai zauna gaban surukinsa yana ta zuba, kowa ya sunkuyar da kai, bai lura ba.

Mu kuma, sai a hankali, rabin maganarmu da ido muke yin ta. Harara, gyaran murya, habaici, shiru na kara. Wannan saƙon ne ba ya isa gare shi. Sai a ce ba shi da kunya, alhali ba a tarbiyya matsalar take ba. A gidajenmu na Omdurman akwai ɗakin da mutum zai shige ya huce. Nan tanti na jikin tanti, ƙaramar rashin fahimta kan zama faɗan maƙwabta.

Saboda haka ku faɗa masa a fili, a gajarce, ba cikin mutane ba: "Yaya, ba fushi nake da kai ba, gajiya ce." Ko: "Baba, baƙi za su tafi, mu bar hirar sai gobe." Idan ya zargi wani, kada a yi gardama, a tambaye shi me ya gani.

Ku kula da barcinsa. Kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ya jin gajiya, ku kawo shi wurin ma'aikatan lafiya. Idan ya ambaci kashe kansa, ranar za ku zo, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Mai shan litiyam ya yawaita shan ruwa a wannan zafi. In amai ko gudawa ta kama shi, a garzayo. Ku zo da tsohon katin asibiti, ko da kwalin maganin ne kawai ya tsira a kayanku.