Me ya sa Ɗambatta ke komawa ÆŠambatta a fom?

Matasa masu yi wa manoma rajista ta intanet a Ɗambatta da Makoɗa, ku matso kusa.

Ka rubuta Ɗanladi, ya fito ÆŠanladi, ranar rabon taki a ce babu sunansa. Wayarka ta aika harafin da tsarin UTF-8, sabar kuma ta karanta shi da Windows-1252, wanda bai san ƙ, ɗ, ɓ ba. 'Yan China ma sun sha wannan wahalar tsakanin GB2312 da Big5.

Masu gina shafi, fom da sabar da rumbun bayanai duk ku sa su a UTF-8. ÆŠ tana gyaruwa, amma in alamar tambaya aka adana, harafin ya ɓace, sai an sake rubutawa.

Don Allah, ku duba sunan kafin manomi ya tashi. Sai shiri na gaba.