Jawabin ofishin magatakarda: kwamfuta nawa masana'anta ke iya fitarwa a yini?

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka ƙetaro iyaka, muna yi muku barka da zuwa wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu.

Kwamiti ya ba mu minti kaɗan mu yi magana kan kwamfutar cinya, wadda yara ke kira laftof, domin bana ƙorafin da ya fi zuwa teburinmu a kanta ne. Mutum ya biya kuɗi, dillali ya ce mako uku, a yi wata biyu kaya ba su iso ba. In an tambaya sai ya ce a yi haƙuri, masana'anta ta ƙara ma'aikata. Muna so mu duba ko wannan magana tana da tushe.

Da farko, sunan da ke jikin kwamfuta ba lallai shi ne na wanda ya haɗa ta ba. HP da Dell da ire-irensu suna ba da aikin ga kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron, su kuma manyan masana'antunsu suna ƙasar Sin, a garuruwa kamar Chongqing da Kunshan. Ko a Dubai muka saro, ko a Legas, ko ta Kwatano ko Lome kayan suka shigo, yawancinsu can aka haɗa su.

A masana'antar, ba mutum ɗaya ke haɗa kwamfuta daga farko har ƙarshe ba. Ma'aikata ne jere a bakin bel mai tafiya. Wannan ya ɗora allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa, na gaba ya sa fanka, wani batir, wani ya ɗaure marfin da ke da gilashi, wani madannai, har a kai ga masu gwaji da masu sa wa a kwali. Dabarar tsohuwa ce. Henry Ford ya fara ta da mota a Amurka a 1913, inda haɗa gangar mota ɗaya ya sauko daga sama da awa 12 zuwa wajen awa ɗaya da rabi.

To ga inda maganar take. Layi ba ya wuce saurin wanda aikinsa ya fi cin lokaci. Bari mu yi misali da lissafi, alƙaluman namu ne don a gane. A ce zubin aiki awa 8 ne, minti 480 ke nan. A cire minti 40 na abinci da hutu, saura 440, wato daƙiƙa 26,400. Kowa a layin yana gama nasa cikin daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka, sai mai ɗaure marfi, shi nasa daƙiƙa 40 ne saboda sukurori sun yi yawa. Kwamfuta ɗaya za ta riƙa fita duk daƙiƙa 40, a tashi da guda 660. Kaya na taruwa a gabansa, na bayansa suna zaune hannu sake, kuma duk albashi ake biyan su.

Maƙwabcinsa mai sa madannai daƙiƙa 26 yake yi. In an ɗauke sukurori biyu daga mai marfi aka ba shi, aikin su biyun, daƙiƙa 66, ya rabu 33 da 33. Yanzu layin zai fitar da 800. Ba a ɗauki mutum ko ɗaya ba, ba a sayi inji ba, an samu ƙarin 140 a zubi guda. Wannan shi ake kira daidaita layi, kuma injiniyoyi na yin sa da agogo a hannu. Ba kullum yake yiwuwa cikin sauƙi haka ba, domin aiki na da gaba da baya: ba a rufe gindin kwamfuta kafin a sa batir.

Saboda haka in dillali ya ce an ƙara ma'aikata, mu tambaye shi a ina. Mutum ashirin a wurin sa wa a kwali ba za su ƙara kwamfuta ko ɗaya ba in matsalar tana wurin marfi. Wani lokacin ma ba hannu ne ya gaza ba. Bayan haɗawa ana barin kwamfutoci a kunne na awoyi don gwaji, in kantocin gwajin sun cika dole layi ya jira. A 2021 kuwa, lokacin ƙarancin ƙananan ƙwayoyin lantarki, ƙwaya ɗaya da ba ta kai ƙumba ba ta isa ta tsayar da layi, farashi kuma muka ji shi a nan.

Akwai kuma sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ma'aikata na komawa garuruwansu, wasu ba sa dawowa, sababbin hannu kuma ba su da saurin tsofaffi, sai daidaiton layi ya lalace na ɗan lokaci. Wanda ke son kaya a watan Maris, shawararmu ya ba da oda tun Nuwamba, kuma kada ya biya kuɗi duka sai an rubuta masa ranar lodi.

Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu taɓo namu gidan. A tasharmu ƴan dako na cika kamyo da hantsi, amma ya kwana yana jiran takardar jerin kaya da za a kai duwan, domin tebur ɗaya ne ke rubuta ta. Shawara biyu ke gaban babban taro na wata mai zuwa: ƙarin ƴan dako shida, ko tebur na biyu da marubuci da kwamfutarsa. Ofishinmu na goyon bayan tebur, ko da za a ce jikinmu muke ji. Littafin shiga da fitar motoci na nan a ofis, duk mamba da ke so ya zo ya duba awoyin da kansa kafin ranar ƙuri'a.