Ina Ya Kamata Sabon Likita Ya Koyi Aikin Masu Taɓin Hankali?



An roƙe ni in yi magana a kan yadda likitan da ya gama karatu da bautar ƙasa zai zaɓi asibitin da zai ƙware a fannin taɓin hankali. Na san a cikinku akwai masu cewa wannan aiki na masu duba mahaukata ne, ba ya kawo kuɗi ko suna. To, ku dubi ƙauyukanmu. Mace ta haihu, kafin a yi arba'in ta daina barci, tana surutai, sai a ce iskoki ne. Saurayi ya lalace da shan kodin, wanda gwamnati ta hana sayarwa a 2018, sai a kai shi gidan mari. Kun ji abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaruruwa, da yawa cikin sarƙa. Likitocin wannan fanni a duk Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Horon yana ɗaukar shekaru da dama, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko kuwa takwararta ta Afirka ta Yamma. Abu na farko, kada ku shiga inda ɗayansu ba ta amince da shi ba, don shekarunku za su tafi a banza. Wannan kowa ya sani, ba zan tsaya a kansa ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba a koyon wannan aiki a littafi kaɗai. Likitan ƙashi yana da hoto, likitan zazzaɓi yana da gwajin jini, amma mu kunne da haƙuri ne kayan aikinmu. Saboda haka kafin ku cike takarda, ku je asibitin da ƙafarku ranar da ake duba marasa lafiya, ku zauna kan benci. Ku lura ko babban likita yana zama da ƙananan, yana sauraron yadda suke tambayar majiyyaci, yana gyara musu. Ni dai na yi wata shida a wani wuri mai kyawun gini, ban taɓa ganin maigidana ya zauna da ni a gaban majiyyaci ba, sai dai in rubuta magani ya sa hannu. Na fita ban san komai ba sai sunayen ƙwayoyi.

Sannan ku duba irin mutanen da ake kawowa. A Dawanau, ko Barnawa ta Kaduna, ko Kware ta Sakkwato, za ku ga ciwo mai tsanani da yawa. A asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika kuwa, za ku ga mai ciwon sukari da baƙin ciki ya danne, da mai farfaɗiya, da yara. Wuri nagari shi ne wanda zai zagaya da ku duka biyun.

Akwai kuma harshe. Idan tsohuwa daga Achika ta ce "zuciyata ta ɓaci", ko "kaina yana yawo", tafinta ba zai isar muku da nufinta ba. Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, inda ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Ku tambaya ko asibitin yana fita zuwa ƙauyuka, ko kuwa sai wanda ya iya kuɗin mota zuwa birni ake gani.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙi a kan yadda za a tsare shi. Idan kun je ziyarar, ku ja ƙaramin likita gefe, ba shugaban sashe ba, ku tambaye shi yaushe ne rabon da a ɗaure wani a ɗakinsu, da wanda ya ba da izini.

Sai tambayoyinku.